Na Sa Kawuna Karanta Labarin Siyasa, An Hana Shi Taki

Hajiya Sa'adiyya, don Allah ki taimaka min da shawara, abin duniya ya ishe ni.

Ni malamin firamare ne a ƙauyenmu, kusa da Kunci. Bayan la'asar ina koyar da Turanci a wani zauren WhatsApp, mutum ashirin da biyu, yawancinsu manoma. Littafin yara ba ya jan hankalin magidanci, shi ya sa nake ɗauko musu labaran siyasa daga jarida, tunda mutanenmu ko ba su karya ba sai sun yi gardamar siyasa. Kowa ya karanta da muryarsa ya turo zauren, in gyara masa.

Kawu Lawan, ƙanin mahaifiyata, yana cikinsu. Burinsa ya riƙa ciniki da masu sayen albasa daga Kudu ba tare da dillali ba. Makon jiya na ba su jawabin wani ɗan adawa da ke zagin yadda ake rabon taki. Kawu ya zage ya karanta, har da ɗaga murya kamar mai wa'azin kasuwa. Wani munafuki ya fitar da muryar, ta kai kunnen shugaban jam'iyya na mazaɓarmu, mutumin da ko sunansa sai an rubuta masa. 'Yan korensa suka fassara masa, ya ce Kawu ya koma adawa, ya cire shi daga rabon taki. Ga masararsa ta kai gwiwa, ganye ya fara rawaya.

Wallahi jahilcin mutanen nan ya kai ni bango. A ce mutum bai san bambancin karatu da ra'ayi ba! Shi ma Kawun, ni na ce ya yi ihu? Yanzu ko gaisuwata ba ya amsawa, Inna kuma ta sa ni a gaba wai in je in ba shugaban haƙuri. Ni da NCE ɗina in durƙusa wa wannan?

Malamin da ba a san darajarsa ba.

AMSA

Malam, shugaban naku bai burge ni ba. Wanda zai huce haushinsa a kan gonar talaka saboda muryar waya ƙaramin mutum ne. Dabararka ta koyarwa kuma ba ta da laifi.

Amma kai ma ka cika raina mutane. A ƙauyen nan aka haife ka, ka san duk abin da ya fito daga bakin dattijo maganarsa ce, da Turanci ya faɗa ko da Larabci. Ka ɗauki zagin wani ka sa a bakin kawunka, gaban mutum ashirin, ana tsaka da rabon taki. NCE ɗin ba ta koya maka wannan ba?

Gobe ka fara da Kawu, ka durƙusa masa. Sannan ka roƙi limaminku ya raka ka wurin shugaban, ka nuna masa jaridar, ka ce kai ka ba da karatun. Kada ka kuskura ka kunna masa muryoyin sauran ɗaliban, sai ka jawo wa gonaki ashirin. In ya ƙi, nemo takin ya dawo kanka. Nan gaba kowa ya turo maka muryarsa kai kaɗai, zagi kuma ka karanta shi da bakinka.

Kawunka ya yi aikin gidan da ka ba shi. Ga naka nan, kuma masara ba za ta jira ka gama fushi ba. Allah ya daidaita ku, ya ba da damina mai albarka.