Wa Zai Ɗaure Notin Juye?

Assalamu alaikum Yaya,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da Anti da yara. Allah ya ƙara lafiya, ya sa wa aikinka albarka. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Umma ta yi sauƙi har ta koma yi wa kowa faɗa, ka san alamar warkewarta ke nan. Na san za ka yi mamaki, ni da komai sai saƙon murya yau na zauna rubutu. To riƙe dariyarka, ƙanwarka ta kwanta a ƙarƙashin mota.

Maganar da ka turo ce, da ka ce in ɓoye sifanonin Baba a riƙa kai motar gareji. Ban ɓoye ba Yaya, amma ji ni kafin ka yi fushi. Gaskiyarka ce, abin ya ba da tsoro. Da Umma ba ta fito shara ta ga baƙin mai ya malale a tsakar gida ba, da Baba ya hau titi a haka injin ya buga. Bakaniken da ya zo ya ce notin juye ne, wanda ke ƙasan inji da ake kwancewa mai ya zubo. An ɗaure shi da ƙarfin tsiya har zaren ya cinye. Ya gyara zaren, ya sa na wucin gadi, ya ce a nemi sabo. Ka san a da can Baba ba ya ɗauri haka. Ciwon sugan nan ne ya kashe masa yatsu, ba ya jin lokacin da noti ya zauna, sai ya yi ta ja don tsoron kada ya kwance a hanya.

Amma Yaya, tun da ya ajiye aikin tuƙi me ya rage masa? Ranar juyen mai ce kawai yake tashi da fara'a, ya sa tsohuwar rigar nan, ya shimfiɗa kwali, ya shinshina baƙin mai kamar mai sayen turare. Bayan abin nan ko gefen motar ba ya bi. Abinci ma tsakura yake yi.

Sai na ƙona datata a kan bidiyo. Ashe notin kala-kala ne! Akwai irin wanda muka sani, akwai mai maganaɗisu a baki da ke kama ɓarɓashin ƙarfe, akwai kuma mai famfo, sau ɗaya ake ɗaure shi, daga nan ɗan hannu za ka tura mai ya zubo. Da na ga mai famfon na ce shi ke nan, na samo magani. Na kai wa Baba waya da rawar jiki. Ya kalla ya ce motarsa ƙasa take, ramukan layinmu za su iya dukan famfon. Can kuma ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, shi bai kai a saya masa famfo kamar na randa ba. Wallahi sai na ji kamar in nutse. Ni sauƙi nake nema masa, ban san sauƙin ma yana da ciwo ba.

Da muka zo kan mai maganaɗisun ya ce in maido bidiyon baya. Ya ce wannan kam zai riƙa gaya wa mutum abin da inji ke ɓoyewa. Tare muka je shagon kayan gyara. Mai shagon ya miƙo wani ya ce kusan ɗaya ne da namu, Baba ya ce a zare babu kusan, sai da aka gwada aka samo daidai. Na kuma sa Baba ya yi alkawarin sabuwar washa, ɗan zoben nan da ke hana noti yoyo, duk juye, a daina kifa tsohuwa ana mayarwa. Ya ce na cika iyayi, amma ya yarda.

A gida shi ya yi komai, ya juye, ya canza filtar mai. Da aka zo ɗauri sai ya zauna a kan kwalin, sifana a hannu. Sai ya miƙo mini ya ce in shiga, in fara da yatsa har ya tsaya, sannan sifana. Ya kwanta ta gefe yana kallon wutsiyar sifanar, hannunsa a kan ƙafata. Ina ja, ina ja, sai na ji ya ɗan buga ni, wato ya isa. Idonsa bai manta ba. Har yau ko ɗigo babu.

Maƙwabcinmu tela ya leƙo ya gan ni duk fuska baƙi, ya tambaya ko sabon bakanike aka ɗauka. Baba ya ce a'a, shi ya yi juyensa, hannu kawai ya ara.

Don Allah in ka kira shi kada ka ambaci gareji. Tambaye shi yaya mota, ka bar shi ya ba ka labari.

Ka gaishe da Anti, da Hajiya Ƙarama, da Ɗan Lele in ya daina ƙiwa. Umma da Gwaggo suna gaisuwa.

Ƙanwarka,
Auta