Baba Bai Yarda A Sayar Da Shagonsa Ba

Zuwa ga Yaya Babba,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali, Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan alhamdulillahi. Inna na fama da gwiwarta kamar kullum. Baba kuma jiki da sauƙi, ɓarin da ya shanye ya fara motsi, sai dai harshen ne har yanzu da nauyi.

Na san Kawu ya riga ya kai maka ƙarata, amma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ranar da ka shirya Baba zai sa hannu a takardar ba ka izinin sayar da shagonsa na kafinta, lauyar da ke shaidar sa hannu ta kira ta bidiyo, tunda ba ya iya hawa benen ofishinsu. Ni na riƙe wayar. Ta sa aka nuna katin shaidarsa kusa da fuskarsa, sannan ta ce doka ba ta yarda ta buga hatimi ba sai ta tabbatar ya fahimci abin da ke cikin takardar, kuma babu mai tilasta masa. Ta ce kowa ya fita sai mai riƙe waya. Kawu bai fita ba. Ya durƙusa a bayan kujera inda ba za ta hango shi ba, ya kama gwiwar hannun Baba yana tura shi wajen biro.

Yaya, ni ce na juya wayar lauyar ta ga Kawu. Ba kuskure ba ne, kuma ko gobe aka sake zan sake. Bayan ya fita yana huci, lauyar ta tambayi Baba a hankali ko ya yarda a sayar. Ya daɗe yana kokawa da harshensa har gumi ya keto masa, sannan ya ce a'a, da ƙarfin da Inna ta jiyo daga kicin. Ya ce a shagon ya ciyar da mu duka, kuma bai mutu ba tukuna. Nan take lauyar ta rufe zancen.

Kawu na cewa na kunyata dangi. Ni dai ban ga kunyar da ta wuce a ari hannun mahaifinmu yana zaune yana kallo ba. Na san nauyin asibiti a kanka yake, kuma ban raina ƙoƙarinka ba. Amma ciwo ne ya kama shi, ba hankalinsa ne ya gushe ba. Zumunci a ƙafa yake. In kana son shagon, ka zo ka durƙusa gabansa ka roƙa da bakinka. In ya ba ka, ni da kaina zan miƙa masa biro.

Ka gaishe min da Anti da 'yan biyu, Inna ma na sa musu albarka. Baba ya ce in tambaye ka yaushe za ka zo.

Ƙanwarka,
Auta