Zarton da Ka Yanke wa Fulogi

Lahadi, tsakiyar watan Safar

Zuwa ga yayana, Ilu Kafinta na bakin kasuwar Wudil.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ƙani ke yi wa wansa, ina fatan Allah ya sa kana cikin ni'ima a inda kake kwance. Ba zan tambaye ka gida da iyali ba, don yanzu na fi ka sanin halin da suke ciki. Na san wasiƙar nan ba za ta iske ka ba. A shafina na intanet zan sa ta, waɗanda suka san ka su karanta, waɗanda ba su san ka ba su wuce.

Yaya, ina da ƙorafi a kanka, kuma ya haura shekara ashirin ina riƙe da shi. Ban faɗa maka kana da rai ba saboda kai babba ne, kuma ba a gaya wa babba irin wannan magana ta waya. Yau zan faɗa. Kai ka ɗaure ni a Ingila, da bakinka.

Ka tuna yadda Baba ya raba mu. Kai ya miƙa maka zarto, ni ya kai ni makaranta. Da kuɗin ƙofofi da amalanken da kake haɗa wa manoman Achika da Lajawa na yi karatu, har na zama malamin aikin katako a makarantar koyon sana'a. Injinan makarantar sun mutu tun kafin a ɗauke ni aiki, saboda haka a allo nake zana wa ɗalibai su da alli. Kai kuwa ka laƙaba mini Injiniya, kana faɗa kana dariya, har sunan ya bi ni.

Da aka zaɓe ni kwas na 'yan watanni a Ingila, kai ka raka ni tasha, ka ɗauki jakata da hannun hagu saboda kafaɗar dama ta fara damunka. Da mota za ta tashi ka leƙo ta taga ka ce, "Injiniya, in ka ga injin da ke yanka katako da kansa, ka tuna da kafaɗata." Muna hawa gada ina hango ka tsaye.

Na tuna da ita. Makon farko na shiga kantin kayan aiki, na ga abubuwan da nake zanawa a allo jere a kan kanta, na duba farashi, na fito a hankali. Wani ɗan Gana da muke aji ɗaya ne ya nuna mini inda talaka ke sayayya. Kowace Lahadi da safe mutane kan taru a wani fili bayan gari, kowa ya buɗe but ɗin motarsa ya baje tarkacen gidansa. Kamar kasuwarmu ta Juma'a, sai dai babu shanu, babu dillali, kuma ba mai tambayarka ya mutanen gida.

A nan na ga zarton. Zarto mai faifai, na hannu, haƙoransa lafiya lau, an sa masa kuɗin da bai kai na takalmi ba. Na san dalilin arahar. Fuloginsa rawaya ne, mai zagaye. Irin na magina ne, rabin ƙarfin wutar gida yake sha, ba ya aiki sai an bi da wutar ta cikin wani akwatin taransifoma, shi ma rawaya, mai nauyin dutsen niƙa. Na sayi duka biyun. Wani ɗan kasuwar Kano da zai koma gida ya yarda ya tafi da zarton, amma ya ɗaga akwatin sau ɗaya ya ajiye, ya ce jirgi ba zai bar shi ba.

Na kira ka a wayar mai kantin magani. Na ce kada ka jona shi da komai sai na zo da akwatin. Na maimaita, na sake maimaitawa kamar ina aji. Ka ce, "To, Injiniya, na ji."

Matarka, Yaya Hansai, ita ta ba ni labarin abin da ya biyo baya. Ranar Juma'a, an sauko daga masallaci, kasuwa ta cika, ka ari janaretan mai walda. Mutanen ƙauye da suka zo karɓar amalanke suka kewaye rumfa. Fulogi ya ƙi shiga soket. Sai ka yi abin da kowane mutumin garinmu yake yi idan fulogi ya ƙi shiga: ka sa wuƙa ka yanke shi, ka fere wayoyin da haƙori, ka cusa su a soket ka danne da tsinken ashana. Ta ce zarton ya yi wata ƙara, ya ratsa katako kamar tsawon taƙi kafin mutum ya ƙifta ido, har wasu suka yi kabbara. Sai hayaƙi. Ta ce ka dawo gida rigarka tana warin ƙonanniyar roba, ba ka ci tuwo ba.

Ba ƙona zarton ne ƙorafina ba, Yaya. Zarto ne, na tsince shi a bayan mota. Ƙorafina shi ne abin da ka faɗa wa mutane tun hayaƙin bai gama washewa ba. Ka juya ka dube su ka ce, "Wannan ai ƙaramin ne, na gwaji. Manyan suna hanya, Injiniya zai taho da su da kansa." A makon nan ka sayi siminti, ka faɗaɗa rumfa, ka yi daɓe inda injinan za su zauna.

Lokacin kwas ɗina ya zo ƙarshe, tikitina yana cikin jaka. Ka gaya mini, ta yaya zan sauka a tashar Wudil da jakar tufafi da akwati rawaya wanda ba abin da za a jona masa? Duk garin ya ji. Har daga Indabo ana zuwa kallon daɓen. Na ce bari in ƙara 'yan watanni in haɗa ko da injina uku ne. Abokan kwas suka tafi, izinin zamana ya ƙare, kujerata a makaranta aka ba wani.

Ba ka taɓa fahimtar irin zaman da nake yi ba, ni ma ban yi maka bayani ba. Wanda takardunsa suka mutu, in ya fita ba ya dawowa, in ya zauna ba ya aiki da sunansa. Na wanke kwanoni. Na yi dako. Na daɗe ina sharar garin katako a wani wurin da ake yin ƙofofi, inda injinan da na koyar shekara da shekaru suke aiki a gabana, amma an hana ni taɓa ko maɓalli. Yaron da ke kula da su bai kai ɗalibaina shekaru ba, yana kirana da wani suna da na ara.

Lahadi kuwa ba ta wuce ni. Na ƙware, Yaya, da ka gani da ka yi dariya. Na san a shinshina inji kafin a saya, don wanda ya taɓa ƙonewa warin ba ya barinsa. Na san a je da sassafe kafin masu saye su sayar su kwashe, ko kuma a jira tashin kasuwa lokacin da mutum ya gwammace ya ba ka kaya da ya sake loda su a mota. Na san masu batir tarko ne: jikin araha, batirin ya mutu, sabonsa ya fi injin tsada. Mafi kyawun kaya wurin matan da mazajensu suka rasu ake samu. Wata tsohuwa ta sayar mini da injin fere katako na mijinta, ta shafa shi da hannu kafin in ɗauka, ta tambaye ni ko zan yi aiki da shi. Na ce na yayana ne, kafinta ne na gaske. Ta ji daɗi.

Haka na tara su ɗaya bayan ɗaya a wani gareji da na kama haya: zarton tebur, injin fere, injin huda, injin goga, da na yi wa bakin ƙofa ado. Tarawa ta yi sauƙi a kan aikawa. Masu jirgin ruwa suna son suna da shaida, ni kuwa ba ni da su. Wani ɗan ƙasarmu ya ce zai sa su a kwantenarsa da sunansa, ya karɓi abin da na tara, ya sauya lamba. Na sake tarawa, ciwon Inna ya ci. Da ta rasu, a ɗakin wanke kwanoni na yi kukana, kai ka tsaya a kan kabarinta.

Kai kuma a can kana ta ƙara mini igiya. Al'ada ce in almajirin sana'a ya gama koyo a yaye shi da ɗan abin aiki daga hannun maigida, guduma ko zarto ƙarami. Kai ka wuce ƙa'ida. Ka ba wannan babban zarto, ka ba wancan gizago, har magagarin Baba ka bayar, kana cewa me za ka yi da su tunda injina na tafe. Na ji har ka kai ga aron zarto wurin waɗanda ka koya wa. Daɓen kuwa mata suka mai da shi wurin shanyar barkono da kuɓewa, 'yan kasuwa suka sa masa suna filin jirgin Injiniya. Kullum da safe kai kake share shi da kanka.

Abin da ya fi ci mini rai, a bidiyo na gani, ba daga bakinka ba. Wani matashi ya buɗe wurin yankan katako a kan titin Kano, da injina sababbi 'yan Caina, waɗanda ya sayo a nan cikin birni ya ɗoro a a-kori-kura. Injin ya iso Wudil ba tare da ni ba, kuma da araha fiye da tsofaffin da na yi rabin rayuwata ina tsinta. Manoman da ke kawo maka aiki suka koma can. Ka sani, na sani, ba wanda ya ɗaga maganar. In mun gama gaisuwa sai ka ce, "Injinan fa?" In ce sun kusa. Ba ka taɓa ce mini yaushe zan dawo ba. Sau ɗaya da ka faɗa, da na taho.

Ka faɗa, amma sai daminar bara. Ɗanka Nasiru, wanda na bari yana rarrafe, yanzu magidanci, shi ya riƙe maka waya ka yi mini saƙon murya daga kan gado. Numfashinka yana fita da ƙyar. Ka ce, "Tijjani, bar ƙarafan nan ka taho." Rabon da in ji sunana na yanka a bakinka tun muna yara muna wanka a bakin kogi.

Washegari na kai kaina ofishin shige da ficen da na yi shekaru ina canja titi don kada in bi ta gabansa. Na ce su mai da ni gida. Ashe komawa ma layi ne. Fasfona ya daɗe da mutuwa, sai an nemi takardar tafiya, sai an tabbatar ni ne ni. Ina cikin jira Nasiru ya kira. Takardar ta fito bayan an yi sadakar arba'in. Tana nan a kan tebur. Na kasa ɗauka, na kasa yagawa. Wurin wa zan sauka?

Yau ban je kasuwar Lahadi ba. Garejin na je, don mai shi yana son abinsa ƙarshen wata. Rufin yana yoyo ban lura ba. Tsatsa ta ci fuskar zarton tebur, ruwa ya shiga injin tsohuwar nan. Na jawo akwatin rawaya na zauna a kai, shi kaɗai ne ba abin da ya same shi.

Nasiru ya ce da suka ɗaga gadonka sun tarar da ƙonannen zarton a ƙasa, naɗe cikin tsohuwar rigarka ta Sallah. Fulogin da ka yanke yana cikin gwangwanin ƙusa, ka ɗaure shi da tsumma. Ya ce ka taɓa gaya masa kada kowa ya taɓa, in Baffansa ya zo da akwatin zai gyara. Yaya, ba ya gyaruwa. Tun ranar na san ba ya gyaruwa, ban dai iya gaya maka ba. Na zo da niyyar yi maka faɗa a wasiƙar nan, ga shi na kasa ƙarasawa. Ina ta ganinka tsaye a tasha, jakata a hannun hagu.

Allah ya jiƙan ka, ya yafe maka, ya haskaka kabarinka. Allah ya sa kafaɗar nan ta huta. Ya saka maka da kowace ƙofa da ka rataya wa mutane, da kowane littafi da ka saya mini. Ya haɗa ka da Inna da Baba a gidan aljanna, ya raya abin da ka bari. Ni ma in tawa ta zo, ya sa in cika da imani, a ƙasar da ya so.

Rumfar an ba da ita haya, mai cajin waya ne a kan daɓen yanzu. An ɗauke ka a makarar da ka yi wa masallacin unguwa da zarton aro. Akwatin yana wurina, zarton yana wurin Nasiru. Rabona da fuskarka tun ranar da ka leƙo ta tagar motar nan.

Ƙaninka,
Tijjani