Maganaɗisun da Na Liƙa a Jar Motarka

Yaya Sabo,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba, babu ɗan aiken da zai kai ta inda kake. Amma yau kwana goma sha tara da muka kai ka maƙabartar Musulmin Guangzhou, kuma maganar da ke cikina ta hana ni cin abinci.

Labarin gida tukuna. Kayan da muka loda sun isa Kano. Inna ta tare a gidanka tana taya Anti Binta zaman takaba. Yara lafiya, sai autarka Ummi da ke cewa kana ƙasar Sin, sai da Sallah za ka zo. Laoban, mai shagon kayan wasa na kusa da tashar jirgin ƙasa, mako guda bai kunna titin tseren motocin wasan ba saboda kai.

Ka tuna tsiyar da nake maka? Uban 'ya'ya huɗu, da gemu, duk Asabar kana durƙushe a shagon Laoban gaban motar da ba ta kai tafin hannu ba, tana bin tsaga a kan titin roba. Ka goge tayoyinta da samfefa har su daidaita, ka taje zaren jan ƙarfen da ke sha mata wuta, ka ɗiga mata man keken ɗinki da tsinin allura. Komai kana yi mata ban da maganaɗisu, wanda ke manne mota da titi. Ka ce aikin ragwaye ne, direba yatsansa ne ke riƙe masa mota a kwana. 'Yan Sin ɗin nan sun sha kashi a hannunka har sun gaji.

Sai jar motarka ta fara tsalle tana barin titi. Ka sauya taya, ka wanke injin, ba ta daina ba. Ni na san ba motar ba ce. Ina tsaye a gefenka, ina ganin yatsanka yana makara wajen sakin kunamar maɗannin da kake tuƙa ta da shi, ina ganin kana yarfe hannun dama kamar ya yi maka nauyi. Kai ma ka fara zargi. Ka ce mini in Asabar mai zuwa ka kasa zagaye ashirin ba faɗuwa, to hannun ne, za ka je asibiti, in ta kama ka koma gida.

Yaya, ranar Alhamis da safe, da ka tafi unguwar Xiaobei wajen masu kago, masu tura mana kaya gida, na buɗe motar na liƙa mata maganaɗisu da gam, daga ciki. Ranar Asabar ka yi zagaye ashirin har da ƙari. Ka yi dariya, ka daki kafaɗata, ka ce ashe lafiyarka ƙalau. Ni ma na yi dariyar.

Na so in ce tausayinka ne ya sa ni, don kada ka ji kunya gaban mutane. Ƙarya ce. Tsoro na ji. Wata biyar kacal gare ni a garin nan, ban iya yarensu ba, ko motar haya ban iya hawa ba sai da kai. In ka tafi, wa zan bi? Kaina na duba, ban dube ka ba.

Mako uku bayan nan ka faɗi a bakin lif, ɓarin jikinka ya shanye. Likita ya ce hawan jini ne da ya daɗe yana ba da alama. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, malamai sun gaya mini, na kuma yarda. To amma me ya sa yardar ba ta ba ni sauƙi ba?

Abu ɗaya ke ci mini rai. Kai da kake gane taya ta karkace daga jin ƙararta, yaya za a yi ka kasa gane an sa wa motarka maganaɗisu? Tun daga ranar ba ka sake buɗe ta ba. Ka sani ne ka yi shiru? Kai ma asibitin kake tsoro, ko ni ka ƙi bari a nan ni kaɗai?

Da Inna ta tambaye ni a waya ko ka taɓa nuna alamar ciwo, na ce mata a'a. Jibi zan tashi zuwa Kano. Zan durƙusa a gabanta in gaya mata abin da na rubuta maka nan, ko da daga ranar ba za ta sake kallona ba. Ita tana da bakin da za ta yafe mini ko ta ƙi. Kai kuwa na makara.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa ka huta. Sai mun zo.

Ƙaninka da ya cuce ka,
Habibu