An Yi Magana da Muryata Ina Wurin Jana'iza

Zuwa ga jami'in gwamnatin da alhakin tsaron wayoyin jama'a ke wuyansa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatan da ke ƙarƙashinka. Ka yi mini afuwa da ban ambaci sunanka ko na ofishinka ba. Na yi tambaya har bakina ya gaji, ban samu wanda ya san inda ake kai irin kukana ba. Shi ya sa na rubuta a fili, ko Allah zai sa takardar ta faɗa hannunka.

Sunana Haruna. Ɗan kamasho ne ni a tashar motocin da ke tsallakawa Maraɗi daga nan Jibiya, kuma a tashar na yi furfura. Aikina haɗa mai kaya da mai mota, da sanin wanda ya tashi da wanda ke hanya. Yanzu duk da waya ake yi, galibi da saƙon murya, don ba kowane direba ke karatun boko ba.

Na farko, yadda abin ya shigo. Gab da faɗuwar damina saƙo ya zo mini daga lambar ƙanena da ke noma a ƙauyen Kusa, wai ana rajistar tallafin taki, a danna wani shuɗin rubutu a sa suna. Ina da 'yar gonata, kuma daga ɗan'uwana saƙon ya fito, sai na danna. Wata manhaja ta sauka, ta yi ta jero mini tambayoyi da Turanci. Turancina bai wuce na rasit ba, na yi ta danna wurin amincewa har ta ƙyale ni. Taki bai zo ba, na manta da zancen. Sai daga baya ƙanena ya rantse mini bai turo komai ba, tasa wayar ce aka riga aka kama.

Tun daga nan wayata ta soma zafi ko ban taɓa ta ba. Caji ba ya kai azahar, data na ƙarewa kamar ana zuƙe ta. Na ɗauka tsufa ne ya zo mata.

Na biyu, abin da ya biyo baya. Akwai wani direba, Isuhu, mutumin Maraɗi, da ya daɗe yana lodi a hannuna. Kawu yake ce mini, kuma ni na raɗa wa ɗansa na fari suna. Wata rana ya ɗauko wake daga ƙauyuka zai kawo tasha, sai saƙon murya ya shigo masa daga lambata: kada ya biyo babbar hanya yau, ya ratso ta bayan ƙauyen Riko. Bai yi tantama ba, ya ratsa. Masu bindiga na can suna jiransa. Suka kwashe kayan, suka karya masa hannun dama wuri biyu.

A wannan lokacin ina Magama wurin jana'izar wani dattijo, wayar na aljihuna ta mutu tun hantsi.

Washegari shugaban tasha ya tara mu, aka kunna saƙon a gaban kowa. Ranka ya daɗe, muryata ce. Har ɗan tarin da nake yi kafin in fara magana yana ciki. Can na tuna bara, da ruwa ya cinye wata kwalbati a babbar hanya, na tura wa wani direba daban wannan saƙon. Tsohuwar maganata aka tono daga wayata aka sake aikawa. Na yi bayani, na rantse, amma wa zai ɗauki rantsuwa ya bar abin da ya ji da kunnensa?

Ka san abin da kalmar infoma ke nufi a yankinmu, wato mai tsegunta wa masu bindiga bayanan mutane, kuma ka san ƙarshen waɗanda ta manne wa. Ba wanda ya faɗa mini ita a fuska. An dai ce in huta da zuwa tasha. 'Yan sa-kai sun kira ni sun yi mini tambayoyi, ba don mai unguwarmu ya tsaya mini ba, ban san inda zancen zai tsaya ba. Matata Hajara na yin daddawa, matan layinmu sun daina aikowa. A masallaci wanda ya tsaya kusa da ni sai ya bar ɗan fili tsakanin kafaɗarsa da tawa.

Na uku, abin da na gano bayan aikin gama ya gama. Na kai wayar wurin Malam Nura mai gyara a bakin kasuwa. Ya daɗe yana bincike kafin ya nuna mini wata manhaja da ba ta da hoto a fuskar waya, ta ɓuya cikin kayan aikin wayar. Shi ya fara fahimtar da ni cewa cutar waya iri-iri ce. Akwai bairos mai lalata abin da ke ciki ya kuma yaɗu zuwa wayoyin mutanenka. Akwai wadda ke shigowa da kamar alheri don ta yi sata. Akwai kuma ta leƙen asiri, wadda ba ta ɓata komai, sai dai ta lafe tana kwasar saƙonninka da lambobin mutanenka da inda kake, tana miƙa wa wanda ya dasa ta. Ya ce irin wannan ce a tawa, kuma da ita suka karanta lambar sirrin da ta ba su damar buɗe hirata a wata wayar. Tambayoyin nan na Turanci izini take nema, ni kuma na ba ta.

Na ce ya cire mini ita yanzu-yanzu. Ya ce sai dai a wanke wayar gaba ɗaya, na ce ya wanke. Sai da na isa gida na gane da bakina na sa aka share shaida ɗaya tilo da nake da ita. Malam Nura ya je tasha ya faɗi abin da ya gani, aka ce ai dole ya kare mai kawo masa aiki.

Na huɗu, ƙofofin da na ƙwanƙwasa. A ofishin tsaro an saurare ni cikin mutunci, aka rubuta bayanina, sannan aka ce in kawo shaida ko sunan wanda nake zargi. Suka ce ba su da masanin wannan aiki a nan, in gwada Katsina. A Katsina masu layin waya suka ce layina lafiya lau yake, abin da ya shiga cikin waya ba huruminsu ba ne. Ba wanda ya wulaƙanta ni. Kowa ya tausaya mini, kowa kuma ya nuna mini ƙofar gaba.

Na je duba Isuhu a gidan mai masaukinsa, inda ake masa ɗori. Ya miƙo mini ruwa da hannun hagu yana ba ni haƙuri. Da na gama magana ya ce, "Kawu, wallahi zuciyata ta yarda da kai. Amma kunnena ya ji abin da ya ji, kuma har yau yana nan cikin salulata."

Ga roƙona, ranka ya daɗe. A turo masani ya duba wayar Isuhu tunda saƙon na nan, ko za a gane daga wace waya ya fito. A toshe wannan shuɗin rubutu, don har yanzu yana yawo, ya dai canza riga ya koma rajistar ɗaukar aiki. A yi wa mutane bayanin waɗannan cututtuka da Hausa, a rediyo da tashoshi da kasuwanni, a kuma gaya musu kada wanda abin ya shafa ya yi gaggawar wanke waya kamar yadda na yi. A buɗe mana ko da tebur ɗaya ne a nan Jibiya da za a kai irin wannan ƙara.

Ban nemi diyya ba. In duk waɗannan sun gagara, mutum ɗaya mai rigar gwamnati ya zo tasharmu ranar kasuwa, ya tsaya a kan benci ya faɗa wa direbobi cewa irin wannan na faruwa. Ko bai ambaci sunana ba, zan gode.

Allah Ya taya ka riƙon amanar da ke wuyanka, Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya tsare ka da iyalanka daga ranar da za a kunna maka muryarka ka rasa abin cewa.

Wassalam.

Naka mai jiran amsa,
Haruna ɗan kamasho, Jibiya.