Agogon Motar Dogo

Zuwa ga 'yata, Auta,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ki cikin ƙoshin lafiya da natsuwar zuciya, ke da maigidanki da jikana, ɗan abokina, wanda aka ce ya fara tafiya yana ɓarnar kayan ɗaki. Allah Ya raya mana shi, Ya shirya shi. Mu nan alhamdu lillahi. Gwiwar mahaifiyarki ta yi sauƙi tun da likita ya canja mata magani, har tana iya sallah a tsaye. Gwaggonki ta zo ta kwana mana biyu, ta yi faɗan cewa na rame, ta koma ba ta ga na ƙara ko kaɗan ba. Jami'a ta aiko mini da wasu kundaye in duba, na kuwa karɓa, domin aiki yana rage tsawon yini.

Na zaɓi in rubuto miki ne maimakon in buga waya, saboda na lura a waya kin fi sauraron muryata fiye da maganata, ni kuma ina so a wannan karon ki ji maganar. Batun motar yayanki ne, Dogo, Allah Ya jiƙansa.

Kin san inda take. Tana nan a farfajiya, gefen tagar ɗakinsa, daidai wurin da ya ajiye ta ranar da ya zo ya ce in raka shi asibiti a tawa motar, tasa zai ɗauka ƙarshen mako. Bai taɓa sa ta a gareji ba, domin motar tsere ce, gabanta ya kusa taɓa ƙasa, tudun bakin garejinmu kuma yana kankare mata haɓa. Kin tuna mahaifiyarki takan yi masa tsiya cewa ya sayi motar da ba ta ɗaukar uwa da uba a lokaci guda, shi kuma ya ce ai da gangan ne, don kowa ya sami ranarsa. Tun rasuwarsa ba wanda ya motsa ta. Ni ba na iya tuƙa ta. Shiga ma sai na dafa ƙofa, fita kuwa sai na yi shawara da ƙashin bayana.

Na'urar kula da batir da maigidanki ya aiko ta yi aikinta, ki yi masa godiya a madadina. Na karanta littafinta daga farko har ƙarshe kafin in taɓa ta, kamar yadda kika san halina. Ba caja ba ce irin wadda ke ɗura wa batir wuta har ya yi zafi. Ita sauraro take yi: idan ƙarfinsa ya ragu kaɗan ta ƙara masa, idan ya cika ta dakata. Na maƙala jan bakinta a kan batir wajen alamar ƙari, baƙin kuma a jikin ƙarfen motar, sannan na kwantar da ita a cikin bonet, wato ƙarƙashin murfin injin, inda ruwa ba ya kaiwa, na zaro wayar ta ƙasa kusa da taya don kada murfi ya datse ta. Da yake motar a waje take, na nemi doguwar waya mai jure ruwa da rana, na sa mahaɗarsu a cikin akwatin roba a kan bulo. Soket mafi kusa shi ne na ɗakinsa, saboda haka ta tagarsa wayar ta shiga, na bar ta ta ɗan lanƙwaso ƙasa kafin ta hau, yadda ruwan sama zai ɗige a waje ba zai biyo ta ciki ba. Kowace safiya nakan ɗaga tamfol ɗin da na lulluɓe motar da shi, in buɗe bonet, in duba fitilar na'urar. Kore na nufin lafiya. Na kwashe watanni ina ganin kore.

Na sha gaya wa mutane cewa ina yin haka ne don kada mota mai kyau ta lalace a banza, kuma wannan ba ƙarya ba ce. Amma ke zan gaya miki sauran. Bayan na rufe bonet, nakan shiga in zauna a kujerar fasinja, in murɗa makulli rabi, in kalli agogon gaban motar. Kin san agogon nan ba daidai yake ba. Yayanki ya tura shi gaba da 'yan mintoci, wai don ya yaudari kansa ya daina makara, alhali ya san adadin mintocin sarai, yana cire su a ransa, yana kuma makara kamar kullum. Na taɓa ce masa ɗan malamin lissafi ne kaɗai zai yi wa kansa ƙaryar da ya riga ya lissafa, ya yi dariya har ya kifa kai a sitiyari. Rigunansa suna nan, littattafansa suna nan, amma duk a tsaye suke. Agogon nan shi kaɗai ne abin da hannunsa ya tayar yake kuma tafiya har yau. Irin motar nan, idan wuta ta yanke mata ko na ɗan lokaci, agogon sifili yake komawa. To, abin da nake ciyarwa da wayar nan ke nan, Auta.

A farkon watan nan fitilar ta daina zama kore. Takan yi ja, ta koma kore, ta sake yin ja. Na duba mahaɗa, na goge kan batir, na canja soket, duk da na san amsar tun kafin in fara. Batirin ya tsufa. Na'urar tana iya riƙe mai rai ya daɗe, ba ta iya mayar da tsoho sabo, kuma littafinta bai taɓa yi mini alkawarin haka ba. Dole a sa sabo. Sai na shiga bincike, na gano akwai hanyar da ake jona wa motar ɗan ƙaramin batir na wucin gadi yayin da ake musanya babban, ta yadda agogon ba zai san an yi komai ba. Na yi murna fiye da yadda ya dace da mutum mai shekaruna.

Da wannan murnar na iske mahaifiyarki a kicin da hantsi, tana wanke kofuna, na tsaya ina yi mata bayani dalla-dalla kamar ina gaban aji. Ta saurare ni har na gama, ta goge hannunta, sannan ta tambaye ni shekara nawa sabon batir yake yi. Na gaya mata yakan daɗe, musamman da na'urar. Sai ta ce tana da magana, in yi mata haƙuri. Ta ce kowace safiya idan ta ja labulen kicin ta hangi motar, kafin hankalinta ya iso zuciyarta ta riga ta ce yaron ya zo, har hannunta ya kai kan kofi na uku. Ta ce tamfol bai ɓoye komai ba, siffarta a ƙarƙashinsa ta fi fitowa. Ta ce ita kullum sai an sake yi mata rasuwar. Ta ce kuma tagar ɗakinsa ba ta rufuwa saboda wayar, ganye da feshin ruwa suna shiga, dole ta shiga ta share kullum, alhali ta so ta rufe ɗakin ta riƙa shiga ranar da ta ji za ta iya. Na tambaye ta me ya hana ta faɗa tuntuni. Ta ce ta ga nan ne kaɗai wurin da nake zuwa da ƙafata ba a tura ni ba, ba ta so ta raba ni da shi. Amma da ta ji zancen shekaru, sai ta ga ba za ta iya ba. Ba ta yi kuka ba, ni ma ban yi ba. Na ɗauki tsumma na taya ta goge kofunan.

Ga buƙatata. Na san lokacin zaman makoki kin ce ba kya son ko ganin motar, ban kuma manta ba. Amma shi ya koya miki tuƙi a cikinta, ke kaɗai ya yarda ki riƙe makullinta, kuma ba zan iya ganinta a hannun baƙo ba. Ina roƙonki, idan maigidanki ya amince, ki zo a hutunku mai zuwa ki tafi da ita. Mota ce da aka ƙera don gudu, tayoyinta sun fara nuna gajiyar tsayuwa. Zan bar na'urar a jone har ki iso, mahaifiyarki ta yarda da wannan, ina kuma fata batirin zai jira ki. Ranar da kika zo za a sa sabo, kuma na yanke shawara ba za a jona ƙaramin ba. Idan na ceci agogon, na san kaina: zan riƙa tambayarki shi a kowace waya, in ɗora miki gadin da na kasa saukewa. Abu ɗaya nake nema, ki tsaya kusa da ni lokacin da za a kwance wayar, domin ban amince da hannuna ba. Bayan nan ke za ki saita shi. Ki sa shi daidai, ko ki tura shi gaba idan kin ga dama, don ke ma ba ki taɓa riga yayanki isa ko'ina ba.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, da surukarki, Allah Ya ƙara mata lafiya. Ki shafa mini kan ɗan abokina, ki ce masa sandata tana nan tana jiran ya zo ya ɓoye ta. Mahaifiyarki tana gaishe ku, haka gwaggonki da kawunki da iyalansa. Ki ci gaba da sa yayanki a addu'a, ki sa mu. Ba sai kin amsa da gaggawa ba. Ki yi tunani, ki rubuto mini ranar kawai.

Allah Ya yi miki albarka, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne mahaifinki.