Gurun Baba

Litinin, 6 ga Maris 2006
Na roƙi izini a lakwal, wato makarantarmu, na kai Baba asibitin Ƙonni. Ƙafafunsa sun kumbura, takalmi ba ya shiga. Lokotoro Inusa ya ce a cire riga, za a ɗauki hoton zuciya da eko. Riga ta fita, guru bai fita ba. Gurun kokawarsa ne, ɗaure a ƙirji tun kafin a haife ni, kuma daidai inda za a ɗora kan na'urar. Lokotoro ya lallaɓa ta ƙasan haƙarƙari. Ba abin da ya fito sai hazo.

A mota Baba sai dariya: "Ɗiyata, mutum bai kada ni ba, balle ƙarhe." Na ji haushi ƙwarai.

Alhamis, 9 ga Maris
Yau a zaune ya yi sallar azahar. Bai san na gani ba.

Litinin, 20 ga Maris
An ce baƙin likitoci sun zo da sabuwar na'ura. Lokotoro ya ce kanta ƙananan bakuna ne da yawa, kowanne na tura sauti a lokacinsa, kamar mata masu lugude a turmi ɗaya, duk su haɗu wuri guda. Amma sai ta tsakanin haƙarƙari, don sauti ba ya ratsa ƙashi. Na dawo garinmu Dogarawa na yi wa Baba tijara a kan gurun nan, na kira gurun tsumma. Ni da bakina!

Laraba, 22 ga Maris
Mun koma asibiti, Baba da kansa ya kwance gurun, ya miƙo mini. Fatar wurin fara sol.

Hoto ya fito tar. Zuciya ta buɗe, tana motsi da ƙyar, baƙin ruwa ya kewaye ta. Lokotoro ya duƙufa, sai aune-aune. Baba bai kalli allon ba, fuskata yake kallo. Na tsorata, kuma ya gani.

Asabar, 25 ga Maris
Kwana uku gurun na cikin jakata, bai tambaya ba. Wannan ya fi hoton tayar mini da hankali.

Yau bayan na ba shi ƙwayoyinsa na mayar masa. Ya rame, igiyar ta yi yawa, sai da na ƙara ƙulli. Don kada ya ɓata ne kawai.